Da wanne zan fara?

Hafsat: Salamu alaikum 'yan zaure. Takarda zan rubuta kan yadda tsofaffin littattafan batsa na Turai suka ɗauki yarda tsakanin mai juya mutum da wanda ake juyawa. Da wanne zan fara?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Venus in Furs na Sacher-Masoch, 1870. Gajere ne. Namijin, Severin, shi ke roƙon Wanda ta mai da shi bawanta, har da takardar yarjejeniya.

Anti Bilki: Hafsat, wannan kam karanta, amma ki ajiye Histoire d'O sai ƙarshe. Na karanta shi bara, kwana uku ban yi barcin kirki ba. A Faransa ya fito a 1954. O ce jarumar littafin; saurayinta ya kai ta wani gida a Roissy, daga baya ya miƙa ta ga Sir Stephen kamar mai ba da aron tabarma. Ana ta tambayarta ko ta yarda, tana cewa e. Wannan "e" ɗin ce ta tsaya min a maƙogwaro. Shekara bakwai na yi a gidan da komai aka ce sai in ce to, don na san abin da zai biyo baya idan na ƙi. Ranar da na kai kuka gida, cewa aka yi ai da bakina na amince. Ki duba a takardarki: ina ƙofar fita? Wanda ba zai iya cewa ya isa a tsakiya ba, me ya yarda da shi tun farko?

Zainab: Allah ya saka miki, Anti. Amma fa mace ce ta rubuta shi, Anne Desclos, sai 1994 ta bayyana kanta.

Anti Bilki: Na sani, ƙanwata. Don masoyinta Jean Paulhan ta rubuta, shi kuma ya sa wa gabatarwar suna "Farin ciki cikin bauta".

Alhaji Musa: Wai tun yaushe zauren adabi ya koma nan? Akwai yara fa.

Zainab: Baba Alhaji, ƙaraminmu ya haura talatin 😄

Malam Sani: Nazari muke, Alhaji. Hafsat, ki lura ko a Masoch, Severin ne ya tsara wasan, shi ya koya wa Wanda yadda za ta mulke shi. To wa ke riƙe da akala? Masanin falsafa na Faransa, Deleuze, ya yi wannan maganar a 1967.

Kabiru: Ba wanda ya ambaci Sade, marubucin Faransa?

Anti Bilki: Justine, jarumar littafinsa, ba a ma tambaye ta ba. Shi Sade kansa an kama shi a 1768 kan abin da ya yi wa wata mata, Rose Keller.

Alhaji Musa: Ni dai na faɗi tawa.

Hafsat: Na gode. Anti, zan iya kiranki bayan isha'i?

Anti Bilki: Kira ni.