Shin ana mayar da kafin alƙalamin da aka biya a cikin jirgi?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Muna cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Bahar Rum, kuma ma'aikata suna ba mu shawarar kama gurbin tafiya ta gaba kafin mu sauka a Basalona. Idan uzuri ya taso, za a mayar mana da kuɗinmu?

Alhaji Na-Tasha: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ya danganta da nau'in farashin da kika zaɓa. Akwai wanda ake mayar da kafin alƙalaminsa muddin kika soke kafin ranar cikon kuɗi, wadda galibi takan kasance wata uku zuwa huɗu kafin tashin jirgi. Mai rahusa kuwa sau da yawa ba a mayarwa, sai dai wani lokaci a ajiye miki wani ɓangare na kuɗin don wata tafiyar. Bayan ranar cikon, tarar sokewa tana ƙaruwa yayin da tafiya ke matsowa.

Malama Indo: Ni na fi son takardar biyan kafin alƙalami wadda ba ta ɗaure mutum da ranar tafiya ba, amma tana da wa'adi, don haka ki nemi a rubuta miki ranar ƙarewarsa kafin ki biya.