Wane suna za mu ba "furogiram" na bukukuwan kiɗan Amurka na shekarun 1960?

Mai Tarin Takardu: Assalamu alaikum. Ina neman kalmar Hausa ga ɗan littafin da ake bugawa domin mahalarta manyan bukukuwan kiɗa, irin na Monterey a Yunin 1967 da Woodstock a Agustan 1969. Ba fosta ba ce, ba tikiti ba. Shafuka ne da aka ninke aka ɗinke tsakiyarsu da waya, da hotunan mawaƙa da tallace-tallacen kamfanonin faifai a ciki.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Me zai hana "jadawalin biki"?

Mai Tarin Takardu: Malama, jadawali yana nuna wa zai hau dandamali da ƙarfe nawa. Waɗannan kuwa ana buga su tun kafin biki, abin da aka shirya suke nunawa. An tallata ƙungiyar mawaƙa ta Iron Butterfly a Woodstock, ba su kuwa yi wasa ba. Wanda ya ɗauki littafin a matsayin jadawali zai rubuta tarihi ba daidai ba.

Ɗan Maɗaba'a: To a ce "littafin kalankuwa". Kalankuwa taron kiɗa ne a fili, da ɗimbin jama'a. "Kundi" ya yi masa nauyi. Abin da ya fi damuna shi ne mu raba "bugun asali" da "bugun maimaici", mu bar "jabu" ga wanda aka yi don a cuci mai saye. An sake buga na Woodstock daga baya, kuma a nan kuɗin mutane ke salwanta. A ɗora gilashi mai ƙara girma sau 10 a kan hoto: ɗige-ɗigen tawadar bugun asali a jere suke, tsaf. Idan daga tsohon kwafi aka ɗauki hoton aka sake bugawa, ɗigo kan hau ɗigo, sai wani zane kamar saƙar tabarma ya fito, ƙananan haruffa su yi dishi-dishi.

Malamar Hausa: Na karɓi littafin kalankuwa. Saura "saikedelik", sunan da ake kiran salon zanen wancan zamani da shi. Likita Humphry Osmond ne ya ƙirƙiro kalmar a 1956 daga Girkanci, ma'anarta bayyana abin da ke cikin zuci, kuma a kan ƙwayoyi irin LSD yake magana. Amma ban so "zamanin maye", don zai shafe maganar zanen gaba ɗaya.

Ɗan Maɗaba'a: A wajen zane "ruɗa-ido" ya dace. Cikin masu zanen fosta na wancan zamani, Victor Moscoso kan ajiye ja kusa da kore ko shuɗi masu ƙarfi ɗaya har ido ya ga suna rawa, Wes Wilson kuma ya lanƙwasa haruffa sai an tsaya kafin a karanta. A ce "zamanin zanen ruɗa-ido".

Mai Tarin Takardu: Ya zauna. Wayar tsakiya fa, Malam? Ita ke fara lalata littafin.

Ɗan Maɗaba'a: "Wayar ɗinki". Laima ke sa ta tsatsa, tsatsar ta ci takarda har shafin tsakiya ya fita. A riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 30 zuwa 50, idan ta haura 65 funfuna ta samu wuri. A sa kowane littafi cikin ledar foliyesta, ban da ta PVC, da kwali marar asid a bayansa, a kwantar da shi nesa da rana. Kada a kusanto da salatif, gam ɗinsa na barin tabo ruwan ɗorawa. Laminatin kuwa ba ya ciruwa, masu saye ba sa ko taya littafin da aka yi wa shi.