Na samu ciki ban yaye na fari ba, ana so a tafi da shi yaye: me kuka gani?

Uwar Ɗaya, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyaye da kuma waɗanda suka san aikin lafiya a kan wani al'amari da ya hana ni barci kwanakin nan. Ɗana na fari yana da shekara ɗaya da wata biyar, har yanzu yana shan nono, sai ga shi makon jiya na je asibiti saboda kasala da tashin zuciya da suka ƙi ƙarewa, aka gwada ni aka ce ina ɗauke da cikin wata uku. Na gode wa Allah da kyautarsa, amma ba zan ɓoye muku ba, da na dawo gida na dubi yaron yana barci sai hawaye suka zubo mini, domin gani nake kamar na ci masa haƙƙi.

Gidan haya muke zaune, maigidana yana fita kasuwa bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Laulayin wannan karon ya fi na farko tsanani, ko ƙamshin albasa a cikin mai ba na iya shaƙa, ga shi yaron yana lokacin ƙiriniya: yanzu yana wajen murhu, an jima ya nufi bokitin ruwa, kuma ba ya barcin rana sai a bayana. A cikin farko idan jiri ya ɗebe ni sai in kwanta, yanzu kuwa ina kwanciya zai hau kaina yana neman nono, nonon kuma ciwo yake mini kamar ana tsira allura.

Da surukata ta ji labari, sai ta ce nonon mai ciki guba ne ga yaro, shi ke kawo gudawa da rama, don haka ranar Juma'a za ta zo ta tafi da shi ƙauye wajen Giwa, ya zauna a can har in haihu in yi arba'in. Na san don ƙauna ta faɗa, kuma ba ni da bakin yi mata musu. Sai dai yaron bai taɓa kwana ɗaya ba tare da ni ba. Shin da gaske nonon yana cutar da shi? Goyon da nake yi masa zai iya taɓa cikin? Waɗanda suka yi kwanika, yaya kuka yi da gida da yaro da laulayi a lokaci guda?

Kakar Yara, Kano

Wa alaikumus salam. 'Yata, share hawayenki, ba ki ci haƙƙin kowa ba. Na haifi bakwai, sau biyu na yi kwanika, kuma abin da zan gaya miki daga waɗannan biyun na koye shi.

A na farko an yi mini yadda ake shirin yi miki. Da safe aka shafa mini maɗaci a nono, yarinyar ta kama ta saki tana kuka, kafin azahar an tafi da ita gidan kakarta. Na samu hutu, wannan gaskiya ne, amma da aka dawo mini da ita bayan wata biyar, ta tarar da jariri a bayana, a kan gadona, a bakin nonon da aka raba ta da shi. Ta yi kusan wata ba ta yarda in ɗauke ta, ta koma fitsarin kwance, kuma idan na ɗauke ido sai ta mintsini jaririn. Mutanen gida suna dariya suna cewa kishi ne, ni kuwa na gane cewa abubuwa huɗu aka ƙwace mata a wuni ɗaya: nono, goyo, makwanci da uwa.

Da aka sake samun haka a kan na huɗu, sai na raba waɗannan abubuwa, ban bari sun haɗu masa a lokaci guda ba. Na fara da makwanci tun cikin yana ƙarami, na shimfiɗa masa katifa kusa da babansa. Bayan ya saba, na cire nonon rana, duk lokacin da ya nema sai in ba shi kunu a kofinsa in zaunar da shi a cinyata ya sha, domin ba yunwa kaɗai ke kawo shi ba, jikina yake nema. Nonon dare shi ne na ƙarshe, kuma kafin cikin ya kai wata shida shi da kansa ya daina waiwayarsa. Goyo kuwa na mayar da shi zama a tabarma, ina jijjiga shi a ƙafa har ya yi barci. Ranar da na haihu babu abin da jaririn ya karɓe masa wanda bai riga ya bari ba da kansa.

Game da surukarki, kada ki ce mata a'a, kuma kada maganar ta fito daga bakinki. Ki zaunar da mijinki cikin dare ki faɗa masa damuwarki, shi ya je ya roƙe ta ta zo ta yi muku mako biyu ko uku, a yi yayen a gabanta. Babbar mace ba ta son a nuna mata ba ta iya ba, amma idan aka ce ana bukatar hannunta a cikin gida, za ki sha mamakin yadda za ta sauko. Aikin gida kuma ki rage wa kanki. Ki yi miya mai yawa a lokacin da zuciyarki ta lafa, idan akwai maƙwabciyar da kuke shiri ki roƙe ta ta soya miki kayan miya a ɗakinta, shara kuwa sau ɗaya ta isa. Idan yaron ya kwanta da rana, ki bar wanke-wanke ki kwanta tare da shi.

Ungozomar Asibiti, Katsina

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Shawarar Kakar Yara ta yi daidai da abin da muke koyarwa a wajen awo, zan ƙara bayanin ɓangaren lafiya ne kawai.

Nonon mai ciki ba ya zama guba. Abin da ke faruwa shi ne yana raguwa, yawanci daga wata na huɗu zuwa na biyar, ɗanɗanonsa ya canza, daga baya ya koma dakashi saboda jaririn da ke tafe, shi ya sa yara da yawa suke sakinsa da kansu. Ciwon kan nonon da kike ji ma daga canjin jiki na ciki ne. Iyayenmu ba ƙarya suka yi ba da suka ce sun ga yaran kwanika suna gudawa suna ramewa, sun gani da idonsu, sai dai dalilin ba nonon ba ne. Nonon ne ya ragu ko aka yanke shi kwatsam, aka bar yaro da koko tsararo da tuwon da ya kwana, ga ruwan da ba a tafasa ba, ga hannu kullum a ƙasa. Cutar tamowa mai kumbura jiki da likitoci ke kira kwashiyoko, sunanta daga harshen Ga na ƙasar Gana ya fito, inda ake nufin ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda ƙaninsa, kuma likita Cicely Williams ce ta shigar da kalmar cikin rubutun likitanci a 1935. Saboda haka ko a gidanki za a yi yayen ko a ƙauye, babbar tambayar ita ce me zai ci.

Yaro mai shekarunsa yana bukatar abinci sau 3 zuwa 4 a wuni, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Ki haɗa masa garin kunu na gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a soya su sama-sama kafin a niƙa, kunun ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba. Ki ba shi ƙwai, wake, kifi da aka cire wa ƙaya, miyar zogale ko alayyahu da ɗan manja, da gwanda ko ayaba. A kofi da cokali zai sha, kada a kawo fida. Idan gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 ake ba shi, ba a dakatar da abinci. Ki duba katinsa kuma ko ya karɓi allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15.

Akwai yanayin da muke cewa a daina shayarwa: idan kina zubar jini, ko kina jin ciwon mara mai kama da naƙuda, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ko aka ga tagwaye, ko kina ramewa sosai. Idan babu ɗaya daga cikinsu, yaye a hankali ya fi. Goyo ma ba ya zubar da cikin da yake lafiya. Ki durƙusa ki ɗauke shi maimakon ki sunkuya, ki ɗaura majanyi a saman ciki, kuma ranar da bayanki ko mararki suka fara yi miki nauyi, ki sauke shi ki koma dabarar tabarma.

Ke ce abin damuwata fiye da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar tazarar aƙalla wata 24 daga haihuwa zuwa ɗaukar wani ciki, domin jinin uwa ya dawo, ke kuwa naki ya zo a kusan wata 14. Wannan ba abin tsoro ba ne, amma yana nufin kada ki yi wasa da awo. Tun 2016 shawarar ita ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum, ba tare da shayi ba domin yana hana jiki ɗaukarta, ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake farawa bayan wata uku, aƙalla sau 3 da tazarar wata guda, ki kwana da yaron cikin gidan sauro. Ƙwayar ƙarin jinin nan ki ɗora ta inda hannunsa ba zai kai ba, domin ja ce mai sheƙi, yara suna ɗaukarta alewa, kuma tana da haɗari ƙwarai a gare su. Bokitin da kika ambata ma kada a bar shi da ruwa a buɗe, yaro mai tatata yana iya faɗawa da ka cikin ruwa kaɗan a lokacin da barci ya sace ki.

Uwar Uku, Maraɗi

Ni dai ina ganin kada a mayar da kai yaro yaye wani laifi. Nawa na biyu mahaifiyata ce ta ɗauke shi lokacin da laulayi ya kwantar da ni har aka ƙara mini ruwa, kuma ya dawo da ƙibarsa da fara'arsa. Bambancin shi ne ya san ta tun yana jariri, unguwarmu ɗaya, kuma duk bayan kwana biyu ana kawo mini shi ya wuni. Idan jikinki ya gaza, 'yar'uwa, ki karɓi taimakon da aka miƙo miki ba tare da jin kin yi laifi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wata bakwai a wurin da bai sani ba.

Wani Magidanci, Kaduna

Ina neman afuwar iyaye mata da na sa baki, amma na ga an bar mutum ɗaya a gefe, wato uban yaron. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa, ita ce kuma ta ce idan iyayen biyu suka so yaye bisa yardar juna da shawara babu laifi a kansu. Ke nan hukuncin na uwa da uba ne. A cikin Sahihu Muslim kuma akwai hadisin Judama 'yar Wahbu, inda Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa ya yi niyyar hana gila, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, don haka bai hana ba. Wasu malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu kuma da shayarwar mai ciki. Wannan hujja ce da miji zai iya kai wa mahaifiyarsa cikin ladabi.

Lokacin da iyalina ta shiga wannan hali, na yi kusan wata biyu ban lura da nauyin da ke kanta ba, sai ranar da na dawo na tarar da ita zaune a ƙofar banɗaki ta kasa tashi, yarinyar tana kuka a gefenta. Daga ranar na karɓi wankan yarinyar na safe da ɗiban ruwa, na mayar da kwananta wajena, ranar da ba na fita kuma in ɗauke ta mu tafi gidan 'yan'uwa uwar ta samu barcin awa uku. Daren farko da aka hana ta nono na kwana ina zagaya tsakar gida da ita a kafaɗa. Malama, ki faɗa wa maigidanki abin da kike bukata ɗaya bayan ɗaya, domin da yawanmu idan muka ga an kawo abinci a kan lokaci sai mu ɗauka komai lafiya.

Uwar Ɗaya, Zariya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mama, na bi shawararki, na karanta wa baban yaron amsoshin nan jiya da dare, ya yi shiru na ɗan lokaci, da safe kuma ya kira Hajiya, wato mahaifiyarsa. Ba ta janye maganarta a kan nonon ba, amma ta yarda za ta zo ranar Juma'ar ta zauna da mu zuwa ƙarshen wata, ta ce ma za ta taho da gero da gyaɗa daga gona. Mun shimfiɗa wa yaron katifa kusa da babansa, ya farka sau uku yana nemana, a na ukun na kasa daurewa na ɗauko shi. Anti ungozoma, na duba katinsa na ga ba a yi masa allurar ƙyanda ta biyun ba, zan kai shi ranar Talata idan na je awo. Garin kunun da kika faɗa, mudu nawa na gero ake sa wa mudu ɗaya na waken suya?