"Sannu ba ta hana zuwa": ta dace da masu besbol na Amurka kuwa?

Baban Hauwa (Bronx):
Assalamu alaikum jama'a. Ina so a duba mini wata karin magana da na ji ana kare shugabannin babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, da ita: wai sannu ba ta hana zuwa. A watan Satumban 2025 suka amince cewa daga kakar 2026 ɗan wasa zai iya ƙalubalantar alƙali kan jifa, kwamfuta ta raba gardama. Ga wanda bai san wasan ba, mai jifa ne ke wurgo ƙwallo, mai sanda na jiran bugawa, alƙali kuma yana bayan mai cafka yana yanke ko jifar ta bi inda doka ta ce ko ta kauce. Da ido kawai yake yankewa, alhali ƙwallon kan yi gudun kilomita 150 a awa. Kyamarorin da ke bin sawun jifa suna filayen gasar tun 2008. Mai kallo a gida yana ganin kuskure a talabijin, alƙalin ne kaɗai aka bari a duhu. Anya wurin faɗin wannan magana ke nan?

Malam Habu (Zariya):
Wa alaikumus salam. Wanda ya faɗa maka ya yanke mata wutsiya. Cikakkiyarta ita ce: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Magabata sun haɗa lallashi da gargaɗi a numfashi ɗaya. Kuma wanda ya riga ya kama hanya ake gaya wa ita, kamar almajirin da karatu ke yi masa nauyi amma kullum allonsa na hannu. Ba a faɗa wa wanda ya ƙi tashi. Don haka abin tambaya shi ne, a shekarun nan tafiya suke yi ko zaune suke?

Hajiya Ladi (Jos):
Malam, tafiya suke yi, kuma ina da hujja. Wannan na'ura ba daga sama ta faɗo ba. Tun 2019 aka fara gwada ta a wata ƙaramar gasa, Atlantic League, aka bi da ita ƙananan rukunai ana gyara. Haka aka yi da agogon jifa. An daɗe ana gwajinsa a ƙasa kafin a kawo shi babbar gasa a 2023, aka ba mai jifa daƙiƙa 15 in ba mai gudu a kan tasha (wuraren da wanda ya buga ƙwallo ke rugawa ya taka), 20 in akwai. A kaka ɗaya matsakaicin tsawon wasa ya sauko daga awa 3 da minti 4 zuwa awa 2 da minti 40. Da an yi gaggawa aka kawo shi ɗanye, da 'yan wasa sun yi masa tawaye. Sauri ya kan haifi nawa, mu ma mun san wannan.

Baban Hauwa:
Hajiya, na karɓi ta agogo. Amma agogo bai taɓa ran kowa ba. Ki dubi hular kwano. A watan Agustan 1920 jifar Carl Mays ta sami Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland a ka, a birnin New York, washegari ya rasu. An dai umarci alƙalai su riƙa canza ƙwallon da ta yi dauɗa don a riƙa ganinta. Amma dokar kare kai sai a 1956 da 1958 rukunan gasar biyu suka sa ta, ba a kuma tsaurara ba sai 1971. Ko a nan ma an ƙyale tsofaffin 'yan wasa, har Bob Montgomery na Boston ya ci gaba da bugu ba hular kwano zuwa 1979. Shekara hamsin bayan an ga gawa. Me ake gwadawa a tsawon wannan lokaci? Idan aka ce mini sannu ba ta hana zuwa a nan, sai in ce waɗanda aka fasa wa kai a tsakani fa, su sun je?

Ɗan Damagaram:
Wannan ba sannu ba ce, fargar Jaji ce. Ihu bayan hari.

Malam Habu:
A'a ɗana, a bi a hankali. Fargar Jaji ta wanda bai sani ba ce sai da abu ya wuce. Waɗannan sun sani, sun ga abin da idonsu. Wanda ya gani ya kau da kai ba barci yake ba da za a ce ya farga.

Baban Hauwa:
To ga wadda ta fi ci mini rai. Ranar 2 ga Yunin 2010 a Detroit, Armando Galarraga ɗan Venezuela ya fitar da mutum 26 a jere, ba wanda ya taka tashar farko. Saura ɗaya ya cika 27, abin da suke kira cikakken wasa, wanda sau 24 kacal aka rubuta shi a duk tarihin gasar. Na ƙarshen, Jason Donald, ya buga ya ruga, ƙwallo ta riga shi isa, kowa ya gani. Alƙali Jim Joyce ya ce ya tsira. Bayan wasa Joyce ya kalli bidiyo, ya amsa laifinsa, ya je ya ba yaron haƙuri, washegari ya shigo fili da hawaye. Mutumin kirki ne, ƙwararre ne, ido ne ya yaudare shi. Ga bidiyo a filin, domin tun Agustan 2008 ake amfani da shi, amma doka ta taƙaita shi ga ƙwallon da aka buga ta tsallake shinge kawai. Shugaban gasar na lokacin, Bud Selig, bai sauya hukuncin ba. Sai a 2014 aka faɗaɗa duba bidiyo. Gasar NFL kuwa, ta wasan da ake kira American football, tun 1986 ta fara gwada shi. Gasar besbol ta je daga baya, amma Galarraga bai je ba, kuma an bar Joyce da nauyin da minti ɗaya na kallon allo zai sauke masa.

Ɗan Damagaram:
Yaya, kada mu masu ƙwallon ƙafa mu ɗaga kai. A watan Yunin 2010 ɗin dai, a gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, ƙwallon Lampard ta tsallake layi a wasan Ingila da Jamus aka hana. Na'urar layin raga ba ta shigo kofin duniya ba sai 2014.

Kawu Isa (Kumasi):
Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana. Ni wata nake riƙe da ita: da tsohuwar zuma ake magani. Akwai gwanintar da na'ura ke kashewa. Mai cafka kan share shekaru yana koyon yadda zai karɓi jifar da ke gefe-gefe har alƙali ya ga ta shiga. Sana'a ce, da ita wasu ke cin abinci. Koriya ta Kudu ta miƙa wa kwamfuta hukuncin kowace jifa tun 2024, can wannan gwaninta ba ta da sauran amfani. Amurkawa suka zaɓi tsaka-tsaki: alƙali na nan, kowace ƙungiya na da ƙalubale biyu, mai jifa ko mai cafka ko mai sanda ya dafa hularsa, in ya yi daidai ba a rage masa ba. Ni ban ga laifin mutanen da suka tsaya tunanin abin da za su rasa ba.

Malam Habu:
Kawu, da girmanka, wannan magana kan mutunta gogewar dattijo take. Tana aiki idan tsohon abu ya fi sabo warkarwa. Idan gwanintar ita ce sa alƙali ya ga abin da bai faru ba, da wuya in kira ta magani.

Hajiya Ladi:
Akwai abin da ya sa na fara ja da baya kaɗan daga matsayina. Mutanen nan ba tsoron na'ura suke ba in akwai riba. A 2017 ƙungiyar Houston Astros ta yi amfani da kyamara tana satar alamun da mai cafka ke yi wa mai jifa da yatsu, ana buga garwar shara don sanar da mai sanda. An hukunta su a Janairun 2020, kuma zuwa 2022 an halatta 'yar na'urar PitchCom da ke isar da saƙon a kunne. Shekara biyu kacal, domin mutuncin gasar ne ya taɓu. Inda nawar take shi ne wurin da za a rage ikon wani, ko a ce wa tsoho ya sauya al'ada.

Baban Hauwa:
Shi ya sa na ce a ba agogon jifa karin maganar, ya cancanta, an ga ƙafa na motsi. Hular kwano da bidiyo kuwa ban yarda ba.

Kawu Isa:
Na'urar jifar fa, wane ɓangare ka sa ta?

Baban Hauwa:
Daga 2019 zuwa yau na yarda tafiya ce, Kawu. Shekaru goma sha ɗaya na kafin nan zama ne. Kuma har yanzu da saura, domin ƙungiyar da ta ɓarar da ƙalubalenta biyu tun da wuri, in alƙali ya kuskure a jifar ƙarshe ta zagaye na tara, wanda aka saba rufe wasa da shi, hukuncin zai tsaya, kyamara na kallo.