Musayar waƙa: Mudun manna a jejin Sin

Dattijo Bulus:
Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Batunmu alherin Allah ne a littafin Fitowa sura 16: yadda ya ciyar da Isra'ila da manna a jejin Sin, kan hanyarsu daga Masar zuwa dutsen Sina'i. Amsa-amo "wa" ne, kowa ya ɗora.

Da sunan Uba Mai iko nake buɗe baki,
Shi ya auna teku da tafi, ba mai musawa.
Ran 15 ga wata na biyu da barin Masar,
Isra'ila na jejin Sin, yunwa na matsawa.
Maza wajen dubu 600, ban da iyali,
Suna tuna tukwanen nama, suna kokawa.
To wa zai jera mana, baiti bayan baiti,
Yadda aka ciyar da su, har da aunawa?

Mama Rifkatu:
Baba Dattijo, na karɓa, ga yadda take:
Da yamma makware a zango, ana kamawa.
Da safe raɓa ta kwanta, da ta ɗauke,
Ga fari-fari ƙanana, ana tsincewa.
"Mene ne wannan?" suka ce wa juna,
Sunan manna daga nan ya samu fitowa.
Omer guda ne rabon kowane kai,
Lita 2 ko kusa, in ana kwatantawa.
Maigida ya ƙirga bakunan tantinsa,
Da lissafin nan yake fita tarawa.
Mai ɗiba da yawa bai ga rara ba,
Mai ɗiban kaɗan bai kwana da rasawa.
A niƙa a dutse, ko a daka a turmi,
A dafa a tukunya, waina ake toyawa.
Ɗanɗanonta kamar an gauraya da zuma,
Mu masu girki mun san daɗin ba ya ɓoyuwa.

Istifanus:
Mama, ki yi haƙuri da tambayar yaro:
Mai ƙirga taurari, wane abu zai gagare shi?
Me ya hana ya zubo ta shekara guda,
A gina rumbu, a huta da sunkuyawa?

Malam Yakubu:
Ɗana, wasu sun riga ka wannan dabara,
Suka ɓoye saura, gobe suke tunawa.
Gari ya waye, ta yi tsutsa, ta yi wari,
Musa ya husata da masu ajiyewa.
Mai nauyin barci shi ma ya yi hasara,
Rana na yin zafi take narkewa.
Ran shida kuwa omer 2 ake ɗiba,
A toya, a dafa, saura a bar ta kwanawa.
Ka lura da nan, gaɓar ke nan ta zancen:
Wadda ta kwana don Asabar ba ta ruɓewa.
Manna ɗaya, tanti ɗaya, dare iri ɗaya,
Umarni ne ya bambanta, shi ke tsarewa.
Wasu sun fita ran bakwai da ƙwarya,
Hannu wofi suka dawo, ba abin tsincewa.
Aya ta 4 ta faɗi dalili ƙarara:
Gwaji ne, a ga ko doka suke kiyayewa.
Mai rumbu cike, rumbu yake kallo,
Mai mudun yau, sama yake dubawa.

Mama Rifkatu:
Malam, ka tsallake tulun Haruna:
Omer guda a ciki, don jikoki su samu ganewa.
Shekara 40 tana sauka, sai a Gilgal,
Da suka ci amfanin Kan'ana, ta daina zubowa.

Dattijo Bulus:
A majami'ar Kafarnahum aka tayar da zancen,
Yohanna sura 6 ce ke bayyanawa.
Kakanni sun ci manna, kuma sun mutu,
Yesu ne gurasar rai, mai rayarwa.
Addu'ar da ya koya mana, ku duba,
Abincin yini kaɗai muke roƙawa.

Istifanus, tambayarka ta yi kyau, amma baitinka na farko ya ƙare da "shi", ya karya amsa-amo. Tararka ita ce kai za ka buɗe zagaye na gaba, kan yadda Yesu ya ciyar da taro: gurasa 5, kifi 2, maza 5,000, kwando 12. Amsa-amo "ra". Kada ka manta da yadda aka zaunar da su ɗari-ɗari da hamsin-hamsin.