Fussy, fastidious ko prim: wanne zan saka a takardar shaida?

Shugabar Unguwarzoma: Assalamu alaikum. Wata ma'aikaciyar jinya da ke ƙarƙashina na neman aiki a Ingila, ni zan rubuta mata takardar shaida kafin Litinin. Mace ce mai tsantseni wajen tsabta, ga kamun kai. Waya ta ba ni fussy da prim. In saka?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki saka ko ɗaya. Fussy shi ne mai tsirfa, wanda ƙaramin abu ke hana shi sakat, kamar yaron da ke tsince albasa daga miya. Shi ake ce wa fussy eater. Prim kuma mai kamun kai fiye da kima ce, wadda ake yin raha ta tsuke baki. Duka biyun kushe ne. Rubuta "meticulous about hygiene".

Ɗan Zariya: Ai akwai su da yawa: picky, finicky, prissy, prudish, pernickety. Amurkawa na ƙara harafi su ce persnickety.

Mai Fassara: Ɗan'uwa, ba jerin kalmomi ta nema ba. Hajiya, fastidious yana tsakiya. Asalinsa Latin ne, daga kalmar da ke nufin ƙyanƙyami, kuma har yanzu warin bai bar shi ba. "Fastidious about hand-washing" yabo ne. Amma in kika bar shi tsirara, "she is fastidious", mai karatu zai iya ɗauka tana ƙyamar taɓa majinyaci. Ga ma'aikaciyar jinya wannan illa ce babba. Kamun kai kuwa, composed ko professional. Prudish na wanda ke firgita da zancen jiki ne, ki nisance shi.

Tsohon Akawu: Abin da ke ƙona rai, masu buga takardu a shaguna ne ke jawo wannan. A danna synonyms (kalmomi masu kusancin ma'ana) a manhajar Word, a ɗauki wadda ta fi tsawo, a miƙa wa mutum ya sa hannu. Can a karanta a ajiye, babu mai kira ya ce ga inda aka yi kuskure. Yarinya ta yi ta jira.

Ɗan Zariya: A duba ƙamus na Oxford mana, sai dai na kuɗi ne.

Malamin Turanci: Babban ne ke buƙatar rajista. Na masu koyo kyauta yake a intanet, haka na Cambridge, kuma suna rubuta disapproving kusa da kalmar kushe. Wannan alamar za ki nema.

Maman Biyu: To ni jaririna likita ta ce fussy, ashe zaginsa ta yi?

Mai Fassara: A'a, ga jariri rigima kawai yake nufi. Bature kuma in ya ce "I'm not fussy", yana nufin kowanne ma ya yi.

Tsohon Akawu: Da wanda ya zauna can ya amsa, ya fi masu ƙamus.

Malamin Turanci: Baba, zama a can ba ya koya wa mutum rubuta takardar shaida. Matsalar tun daga sakandare take. Tambayar nearest in meaning ta WAEC ta sa yara sun ɗauka meticulous da fussy abu ɗaya ne, mu malamai kuma muna sa su haddar jeri ba tare da jumla ko ɗaya ba.

Shugabar Unguwarzoma: Na gode. To particular fa?