Roosevelt, Taft da Wilson: wai meye bambancinsu a harkar ƙasashen waje?

Sabon_Ɗalibi:
Salam jama'a. Don Allah masana tarihi a taimaka min, ina karanta lokacin da Amurka ta fara miƙe ƙafa a waje bayan yaƙinta da Sifaniya a 1898, inda ta karɓe Filifin da Puerto Rico da Guam. An ce shugabanni ukun da suka zo bayan Shugaba McKinley, wanda aka yi yaƙin a zamaninsa, kowa da nasa salon, amma ni wallahi duk ɗaya nake ganinsu.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanina. Theodore Roosevelt shi ne mai gora, cewa yake ka yi magana a hankali amma ka riƙe ƙatuwar sanda, har ma ya ce wai karin maganar Afirka ta Yamma ce. Dubi Panama, lokacin tana ƙarƙashin Kolombiya, sai Kolombiya ta ƙi amincewa da yarjejeniyar haƙa mashigin ruwa, a 1903 'yan Panama suka ɓalle, jiragen yaƙin Amurka na tsaye a gaɓa, nan da nan aka ba Amurka filin, 1914 aka buɗe mashigin. Taft kuma da ya hau a 1909 sai ya ce dala ta yi aikin harsashi, bankunan Amurka su ba ƙasashe bashi su zuba jari, ka san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hajiya_Bincike:
Malam ka manta ko Taft ɗin sai da ya tura sojoji Nicaragua a 1912, dalar ba ta isa ita kaɗai ba. Ni Wilson ne ma ya fi ba ni mamaki, ya zo yana wa'azin ɗa'a da dimokuraɗiyya, ya ƙi amincewa da gwamnatin Huerta a Meziko saboda da juyin mulki ya hau, amma shi ɗin ne ya tura soja birnin Veracruz na Meziko a 1914, Haiti a 1915, Jamhuriyar Dominika a 1916, kuma Haiti ba su fita ba sai 1934 fa.

Sabon_Ɗalibi:
Kai! To ashe ban yi kuskure sosai ba kenan Hajiya.

Malam_Tarihi:
A jarrabawa dai rubuta musu sanda, dala, wa'azi. Amma ka kawo misalin Haiti, malamin zai gane ka yi karatu.